Ƙungiyar Sochaux: daga masana'antar Fijo zuwa rukuni na uku a Faransa

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu bin tamaular Faransa. Jiya ina gyaran wata tsohuwar 504 da wani bawan Allah ya ƙi rabuwa da ita, sai yarona ya ce wai garin da ake ƙera motar nan yana da ƙungiyar ƙwallo, kuma kamfanin motar ne ya kafa ta. Na ce ai na sani, Sochaux ce, inda ɗan wasan Nijeriya Wilson Oruma ya taka leda. Sai ya ce mini ai a 2023 an jefa ta rukuni na uku, saura ƙiris ma a rufe ta gaba ɗaya. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri. Yaya aka yi haka ta faru?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Baba. Yaronka ya faɗi gaskiya. Ni ina karatu a Belfort, tsakaninmu da Montbéliard inda filin wasansu yake bai fi tafiyar minti ashirin a jirgin ƙasa ba, kuma na shiga filin ba sau ɗaya ba. Da farko dai, Sosho ake furta sunan, ba a kiran x ɗin ƙarshe. Garin Sochaux kansa ɗan mitsitsi ne, mutanensa wajen dubu huɗu, masana'antar ce ta kusa cinye shi. Idan kana tsaye a ƙofar filin kana hango gine-ginen masana'anta, katanga ce kusan tsakaninsu.

Auwalu Fagge: Da girmamawa Baba, amma wa ke kallon rukuni na uku na Faransa? A gidajen kallo ko Ligue 1 ɗin ma sai PSG na wasa ake sakawa, shi ma sai in babu wasan Ingila. Ƙungiya ta gaza, ta faɗi, haka ƙwallo take.

Malam Habu: Auwalu, bari in ba ka tarihin kafin ka yanke hukunci, don wannan ba ƙungiyar da za a wuce da hannu ɗaya ba ce.

A 1928 aka kafa ta, kuma Jean-Pierre Peugeot, ɗan gidan masu kamfanin, shi ya tsaya mata. Manufarsa biyu ce: ma'aikata su samu abin da zai haɗa su ranar hutu, sunan motar kuma ya zaga ƙasa. A wancan zamanin dokar ƙwallon Faransa ba ta yarda a biya ɗan wasa albashi ba, ana dai yi a ɓoye. Shi kuwa ya fito fili ya ce yana biyan nasa. Ya ɗebo ƙwararru daga ciki da wajen ƙasar, ya shirya wata gasa tasa a 1930 wadda manyan ƙungiyoyi suka shiga. Matsin da wannan ya jawo yana cikin abin da ya sa aka buɗe gasar ƙwararru ta Faransa a 1932. Wato ita kanta Ligue 1 ɗin da kake magana, da hannun Sochaux a haihuwarta.

Sun ci gasar a 1935 da 1938, suka ci Kofin Faransa a 1937 bayan sun doke Strasbourg 2-1. Tawagar lokacin akwai André Abegglen ɗan Suwizalan wanda ya ci ƙwallo 30 a kakar da suka fara ɗaukar gasa, akwai Roger Courtois wanda har yau shi ne ya fi kowa ci wa ƙungiyar, akwai mai tsaron raga Laurent Di Lorto, da Étienne Mattler wanda ya je gasar cin kofin duniya sau uku, 1930 da 1934 da 1938, ya kuma riƙe kyaftin ɗin Faransa.

Auwalu Fagge: Malam, wannan ai tarihin kakanni ne. Lokacin ko talbijin babu.

Malam Habu: To ga wanda zai shige ka. Ƙwallo ta farko da aka taɓa ci a tarihin gasar cin kofin duniya, a Uruguay a 1930, Lucien Laurent ne ya ci ta a wasan da Faransa ta doke Meziko 4-1. Mutumin nan ya yi aiki a Peugeot, ya kuma buga wa Sochaux. André Maschinot da ya ci biyu a wasan, shi ma ɗan Sochaux ne. Duk Messi da Mbappé da kake ƙauna, layin da suke kai daga can ya faro.

Baban Ummi: Allah Ya ƙara ilimi Malam. Ni abin da ya ɗaure ni da su daban ne. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya yi aiki a kamfanin haɗa Fijo na Kakuri. A 1975 aka fara haɗa mota a nan Kaduna, kuma muna yara sunan garin nan muke ji a bakinsa, yana cewa can ne uwar masana'anta. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane ba. Motar gwamnati Fijo, tasi Fijo, motar haya daga Kaduna zuwa Kano ko Sakkwato Fijo mai dogon baya, a-kori-kura 404. Zakin nan na gaban mota shi ne a ƙirjin rigar 'yan wasansu. Shi ya sa da Oruma ya je can na ji kamar ɗan gida ne ya je gidan dangi.

Ɗan Damagaram: Mu ma a Nijar haka ne Baba, 504 ita ce motar daji da gari. Kuma laƙabin ƙungiyar daga zakin ya fito, 'Ya'yan Zaki ake ce musu. Riga ruwan ɗorawa, wando shuɗi. Sunan filin kuma, Auguste Bonal, na wani babban ma'aikacin kamfanin ne da ke kula da ƙungiyar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun mamaye masana'antar suna son ta yi musu aiki, suka kama shi suka kai shi Jamus, a can aka kashe shi a 1945. Tsofaffin garin ba sa ambaton sunan filin da wasa. Yana ɗaukar mutum wajen 20,000, wato ya ninka mutanen garin Sochaux kusan sau biyar.

Anti Bilki: Ina bin ku tun ɗazu. Ni wasan 2007 nake tunawa, don a gidanmu aka kalle shi, maigidana mai son Marseille ne saboda Taye Taiwo. Ranar har abincin dare bai ci ba.

Musa na Garwa: Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wasan ƙarshe na Kofin Faransa ke nan. Marseille ta zo da Ribéry da Nasri da Mamadou Niang da Djibril Cissé, kowa ya ɗauka an gama. Cissé ya ci, Moumouni Dagano ɗan Burkina Faso ya farke. Aka shiga ƙarin lokaci Cissé ya ƙara, Anthony Le Tallec ya sake farkewa ana dab da tashi. 2-2, aka je bugun fenareti, Sochaux ta ci 5-4, Teddy Richert ya tare bugun Ronald Zubar. Alain Perrin ne koci. Shekara 70 cif tsakanin wannan kofi da na 1937. Kuma 'yan Nijeriya ku tuna Rabiu Afolabi yana cikin tawagar, daga 2005 zuwa 2009 yana tsare musu baya.

Baban Ummi: Na Oruma kuma 2004 ne ko?

Musa na Garwa: Shi ne Baba, amma wani kofin ne daban, Coupe de la Ligue, wanda yanzu an daina yin sa. A 2003 sun je wasan ƙarshe Monaco ta lallasa su 4-1, suka dawo shekarar da ta biyo suka doke Nantes a fenareti. A nan ne mai tsaron ragar Nantes, Mickaël Landreau, ya zo buga wadda in ya ci sun ɗauki kofi, ya ɗaga ƙwallon a hankali ta tsakiya irin ta Panenka, Richert bai motsa ba ya cafe ta. Wannan tawaga ta Guy Lacombe ita ce mafi daɗin kallo a wurina. Pedretti da Oruma a tsakiya, Pierre-Alain Frau da Mickaël Pagis da Santos a gaba, Jérémy Mathieu da Souleymane Diawara a baya. A kakar ne suka ci Borussia Dortmund 4-0 a Bonal a gasar UEFA, Inter kuma ba ta doke su ba, ƙwallon waje ce ta fitar da su.

Malam Habu: Ka manta 1981 Musa. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar UEFA, bayan sun fitar da Eintracht Frankfurt mai riƙe da kofin a cikin dusar ƙanƙara, sai AZ ta Holan ta tsayar da su. Genghini da Stopyra suna cikinsu, yaran gida ne.

Auwalu Fagge: To na yarda suna da tarihi. Amma har yanzu ba ku amsa wa Baba ba. Idan suna da kyau haka, me ya kai su ƙasa?

Ɗan Damagaram: Faɗuwa biyu ce Yaya Auwalu, kada a haɗa su. Ta farko a fili aka yi ta. Kakar 2013-14 sun fara da muni, aka ɗauko Hervé Renard, wanda ya ci wa Zambiya kofin Afirka a 2012. Ya kawo Sunzu da Sinkala, aka karɓo Jordan Ayew aro daga Marseille, suka yi ta tattara maki har ya rage wasa ɗaya. Wasan ƙarshe a gida ne, da Evian, wadda ita ma take neman tsira. In sun ci sun zauna. Fili ya cika maƙil, aka ci su 3-0. Lokacin sun yi kaka 66 a rukunin farko, babu ƙungiyar da ta kai su. Har yau in ka ambaci Evian a wurin shan kofi a Montbéliard sai ka ga fuska ta canza.

Ta biyu a ofis aka yi ta. A 2015 kamfanin ya sayar da ƙungiyar ga wani kamfanin fitilu na Hong Kong mai suna Ledus, kan Yuro miliyan 7. Daga nan abubuwa suka dagule, hannun jarin uwar kamfanin ya karye, aka ba mutanen Alavés ta Sifaniya riƙon ƙungiyar na ɗan lokaci a 2018, magoya baya suka yi ta zanga-zanga. A 2020 wani kamfanin gine-gine na ƙasar Sin, Nenking, ya karɓa. Su sun zuba kuɗi, sun sayi 'yan wasa masu tsada don a koma sama da sauri. Ba a koma ba. Harkar gidaje a Sin ta shiga matsala, kuɗin ya daina zuwa. A tsakiyar 2023 hukumar da ke binciken asusun ƙungiyoyi, DNCG, ta ce babu kuɗin da zai rufe giɓin, ta sauke su zuwa National, wato rukuni na uku, aka mayar da Annecy gurbinsu. Alhali a fili na tara suka ƙare a Ligue 2.

Iliya Nima: Ni a nan nake da magana. Laifin Peugeot ne, ba na wani ba. Shekara 87 ƙungiya tana ɗauke da zakinka a ƙirji, 'ya'yan ma'aikatanka ne 'yan kallo, jikokinsu ne 'yan wasa, rana ɗaya ka miƙa ta ga mutumin da bai san hanyar garin ba. Miliyan 7 me ce a wurin kamfanin da ke sayar da motoci miliyoyi? Ko da za ka sayar, ai sai ka duba hannun da za ka damƙa wa. Wanda zai aurar da 'yarsa ma yana bincike.

Auwalu Fagge: A'a Iliya, ban yarda ba. Kamfani ba gidan marayu ba ne. Ka tuna halin da suke ciki a lokacin: sun tafka asarar biliyoyi a 2012, sun rufe masana'antarsu ta Aulnay kusa da Paris, sai da gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka sa kuɗi a 2014 kafin su miƙe. Kana sallamar ma'aikata dubbai, da wane ido za ka kalle su ka ce kana biyan ɗan ƙwallo albashi? Ni da ni ne ma'aikacin da aka sallama, zan fi jin haushin a ci gaba da riƙe ƙungiyar.

Iliya Nima: Da hujjar rashin kuɗi suka tsaya a kai da na yi shiru. Amma ba su daina ɗaukar nauyin wasanni ba, tanis suka koma. Kuma a 2019 wata jami'arsu ta fito a rediyo ta nuna cewa ƙwallon ƙafa wasan talakawa ne, su kuwa sama suke son motarsu ta nufa. Wannan maganar ta fi sayarwar ciwo. Talakawan nan su suka ƙera motar da hannunsu.

Ɗan Damagaram: Maganar nan kam an yi ta, kuma mutanen yankin ba su manta ba. Maƙwabcina dattijo ne da ya yi shekara talatin da wani abu a sashen fenti, ya ce ranar ya ji kamar an tofa masa yawu. Amma abin da Yaya Auwalu ya faɗa ma akwai gaskiya. A ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatan masana'antar sun kai wajen 40,000. Yau ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na haka ba. Kamfanin kansa tun 2021 ya narke cikin Stellantis tare da Fiat da Chrysler, masu yanke shawara ba a garin suke kwana ba. Ƙungiyar ta rasa uba ne tun kafin a sa hannu a takardar sayarwa.

Baban Ummi: Wannan magana taka ta sa jikina ya yi sanyi, ɗana. Domin mu ma mun ga irinta. Duk wanda ya san Kakuri a da, lokacin tashin ma'aikatan masaƙu da na Fijo, kekuna da babura sai sun toshe hanya. Kamfanoni suna da ƙungiyoyinsu, UNTL tana da tata, DIC Bees tana nan. A Gboko kamfanin siminti ya riƙe BCC Lions har ta ci kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1990. Leventis United ta Ibadan ta gagari kowa, masu ita suka janye hannu, ta watse. Da injin ya tsaya sai ƙwallo ta tsaya. Abin da nake son ji shi ne, su me ya hana tasu mutuwa?

Malam Habu: Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan Alhaji. Ɗan Damagaram, kai da kake wurin, ba mu labari.

Ɗan Damagaram: Ina nan lokacin, watan Yuli da Agusta na 2023, ban je gida hutu ba. Abin da ake tsoro ba National ba ne. Tsoron shi ne a ayyana ƙungiyar ta karye, a ƙwace mata matsayin ƙwararru, a rufe makarantar horar da yara, ma'aikata su rasa aiki, a koma rukuni na biyar ko ƙasa da haka. Romain Peugeot, jikan gidan, ya yunƙura ya tara masu zuba jari don a tsira a Ligue 2, bai samu amincewa ba. Kowa ya ce shi ke nan.

Sai Jean-Claude Plessis ya fito. Shi ne shugaban ƙungiyar daga 1999 zuwa 2008, zamanin kofunan nan biyu, dattijo ne da ya kusa tamanin. Shi da Pierre Wantiez suka bi 'yan kasuwar yankin ɗaya bayan ɗaya, ƙananan hukumomi suka sa hannu, tsofaffin 'yan wasa suka taimaka. Ƙungiyar magoya baya mai suna Sociochaux ta buɗe asusu, sama da mutum 10,000 suka shiga. Na ga mai gidan burodi ya ajiye gwangwani a kan kanta. Na ga tsohuwa da sanda a wurin gangami sanye da gyale ruwan ɗorawa, a tsakiyar zafin Agusta. Ni ma na sa ɗan abin da ɗalibi zai iya. Da DNCG ta amince su buga National, an riga an fara kakar, mutane suka fito titi suna ta hon kamar an ci kofi.

Anti Bilki: Allah Sarki. Murnar faɗawa rukuni na uku.

Ɗan Damagaram: Murnar rai ce Anti. Wanda aka ce ya mutu aka tarar yana numfashi.

Auwalu Fagge: To 'yan wasan fa? Na san ba za su zauna ba.

Ɗan Damagaram: Kusan duk sun tafi. Gaëtan Weissbeck kyaftin ya koma Bordeaux, Rassoul Ndiaye Le Havre, Ibrahim Sissoko Saint-Étienne, Skelly Alvero Lyon, Eliezer Mayenda ya tafi Sunderland. Koci Oswald Tanchot ya haɗa sabuwar tawaga cikin 'yan kwanaki, da yaran makaranta, da 'yan aro, da waɗanda ba su da ƙungiya. Mathieu Patouillet aro daga Lyon a raga, Thomas Fontaine ɗan Madagaska a baya, Kévin Hoggas a tsakiya, Kévin Zohi da Issouf Macalou a gaba. A Janairu Dimitri Liénard ya zo, haifaffen Belfort, wanda ya hau da Strasbourg tun daga ƙananan rukunai har Ligue 1. Kuma wannan tawaga ta haɗin gambiza ta fitar da Lorient da Reims, duka 'yan Ligue 1, a Kofin Faransa, kafin Rennes ta ci su 6-1. Ina filin ranar Reims. Sanyi kamar zai cire kunne, amma babu wanda ya zauna.

Musa na Garwa: Mayenda ɗin nan shi ya ci ƙwallo a Wembley a 2025 ranar da Sunderland ta doke Sheffield United ta hau Firimiya. Wannan ya kawo ni kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da Sochaux. Ku dubi yaran da suka fito daga makarantar nan. Ibrahima Konaté. Marcus Thuram. Su biyun sun buga wasan ƙarshe na kofin duniya a Ƙatar a 2022, Thuram ne ma ya ba Mbappé ƙwallon da ya farke ta biyu. Maxence Lacroix, Lucien Agoumé, Cédric Bakambu, Jérémy Ménez wanda ya ci uku a wasa ɗaya yana ɗan shekara 17, El Hadji Diouf, namu na Kamaru Jérôme Onguéné. Ivan Perišić ma yana saurayi ya zo nan daga Kuroshiya. Karl Toko Ekambi ba yaron makarantar ba ne, amma a nan ya buɗe ido tsakanin 2014 da 2016 kafin ya tafi Angers. Ƙungiyar da ta yaye waɗannan ta rasa kuɗin biyan bashi? Ina amfanin noman da wani ke girbewa?

Malam Habu: Ka faɗi abin da yake, amma ka duba dalili. Konaté a 2017 ya tafi Leipzig ba tare da an saye shi ba, domin bai sa hannu a kwantiragin ƙwararru ba, kuma a rikicin da ake ciki lokacin Ledus wane yaro mai hankali zai ɗaure kansa? Bayan shekara huɗu Liverpool ta biya Leipzig kusan fam miliyan 36. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zamanin Plessis ma ana sayarwa, Pedretti ya tafi, Frau ya tafi, Mathieu ya tafi, amma sai yaro ya buga kaka uku ko huɗu, ya ci kofi, a sayar da shi da daraja, a sa na bayansa. Sayarwa ba ita ce cutar ba. Cutar ita ce sayarwa cikin yunwa, mai saye ya san ba ka da zaɓi.

Kuma makarantar nan ba jiya aka fara ta ba. Tun 1949 suka fara tara samari suna koya musu sana'a a masana'anta da safe, ƙwallo da yamma. A 1974 suka buɗe cibiyar horarwa, tana cikin na farko a Faransa. Kofin matasa na Gambardella sun ci shi a 1983 da 2007 da 2015. Shi ya sa a 2023 aka fi jin tsoron rufe ta fiye da komai.

Iliya Nima: Kada ku manta Brown Ideye, tunda ana lissafi. Kakar 2010-11 ya ci 15, Modibo Maïga ɗan Mali ya ci 15, Marvin Martin da Boudebouz suna raba musu, suka ƙare na biyar. Da kaka ta ƙare Dynamo Kyiv ta ɗauke shi. Shekara uku bayan nan suka faɗi.

Auwalu Fagge: Ni har yanzu DNCG ɗin nan ce ban gane mata ba. 'Yan wasa sun yi gumi sun ƙare na tara, wasu masu kwat a ofis su sauke su. Laifin mai kuɗi ne, me ya sa za a hukunta 'yan kallo? Haka suka yi wa Bordeaux a 2024, mai kofin gasa shida, har rukuni na huɗu. A Ingila maki ake cirewa.

Anti Bilki: Auwalu ƙanena, ni a nan na saɓa da kai. Ɗan yayata ya yi wasa a wata ƙungiya a nan gida, ba zan faɗi sunanta ba, wata bakwai babu albashi, kuɗin sa hannu ma har ya bar ƙwallo bai gani ba. Ya ji rauni a gwiwa, mu muka yi karo-karo aka yi masa aiki. Babu wanda ya tambayi masu ƙungiyar komai, kaka ta zagayo suka sake ɗibar wasu yaran. Da akwai hukumar da za ta ce nuna mana kuɗin albashin shekara kafin ka buga wasa ko ɗaya, da yaron nan bai wahala haka ba. Hukuncin yana da zafi, na yarda, amma wanda bai biya ba bai kamata a bar shi ya ci gaba da ɗaukar 'ya'yan mutane ba.

Auwalu Fagge: Allah Ya ba shi lafiya Anti. Ta wannan fuskar ban musa ba. Amma ai hukumar tana nan aka sayar wa Ledus, tana nan Nenking ta yi ta kashe abin da ƙungiyar ba ta samarwa. Me ya sa ba ta tsawata tun da wuri ba, sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada?

Malam Habu: Wannan tambaya Faransawa da kansu suna yin ta. Yadda tsarin yake, muddin mai ƙungiya ya kawo shaidar zai cike giɓi a ƙarshen shekara, ana barinsa. Ranar da ya kasa, ranar komai ke rushewa. Strasbourg ta faɗa rukuni na biyar a 2011, ta dawo Ligue 1 a 2017. Le Mans ta rushe a 2013, Bastia a 2017. Ita kanta Evian da ta tura Sochaux ƙasa, a 2016 ta karye. Wasu sun dawo, wasu sun daɗe suna rarrafe.

Iliya Nima: To yanzu wa ke da ita? Kada gobe wani ya sake zuwa da jakar kuɗi a miƙa masa.

Ɗan Damagaram: Masu hannun jari da yawa ne yanzu, akasarinsu 'yan yankin, kuma magoya baya suna da wakilci a inda ake shawara. Ba wai an huta ba ne. National rukuni ne mai wahala, kuɗin talbijin kusan babu, tafiye-tafiye daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, ga filin mutum 20,000 da makarantar yara da za a ciyar. Kakar farko na takwas suka ƙare, kuma mutane sun fara ƙorafi tun a ta biyu, don mai tarihi irin nasu ba ya jure zama a ƙasa. Akwai masu cewa in ba a samu babban attajiri ba ba za a koma Ligue 1 ba har abada. Akwai masu cewa gara a daɗe a hanya da a sake ba baƙo makullin gida. Ni ina tare da na biyun, amma na san ba ni nake biyan albashi ba.

Auwalu Fagge: Ni kuma ina tare da na farkon. Gwangwanin mai burodi ba zai sayi ɗan wasan gaba ba.

Iliya Nima: Amma shi ya hana a rufe ƙofa lokacin da masu miliyoyin suka kashe waya.

Baban Ummi: Ku bar shi haka 'ya'yana, kowannenku ya faɗi nasa kuma na ƙaru. Ɗan Damagaram, wata alfarma nake nema. In ka sake zuwa kallo, ka ɗauko mini hoton ƙofar masana'antar da na filin, ina son in nuna wa mahaifiyata, ta sha jin sunan garin a bakin marigayi. Kuma ka tambayo mini kuɗin rigarsu, babba, ruwan ɗorawar. In akwai mai zuwa Kano ko Zinder sai a ba shi, ni zan aiko a karɓa.

Ɗan Damagaram: An gama Baba. Akwai gidan tarihin Peugeot a garin, da tsofaffin 404 da 504 a jere, zan shiga in ɗauko maka su ma. A gaida Hajiya. Wani abokina zai sauka Yamai ƙarshen wata, zan ba shi rigar.